Nazarin Lamari: Ƙarfafa Bodin Ƙananan Motocin Tsere a Wani Zaure a Katsina

A wani zaure da ke unguwar Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, wani matashi ya shimfiɗa hanyar tseren ƙananan motoci masu aiki da lantarki a kan faffaɗan tebur, yana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa daga yara da samarin unguwa domin su fafata bayan la'asar. Kayan na hannu ne, ƙirar Scalextric, yayansa ne ya yo masa tsarabarsu daga Ingila, kuma babu wani shago a kusa da zai shiga ya sayi madadin abin da ya karye. Da aka gama hidimar ƙaramar Sallah, wadda zauren ya cika ya batse a cikinta, sai ya tarar mafi yawan motocin sun tashi daga aiki, alhali injinansu lafiya lau suke. Bodi ne ya gaza. Gyaran farko da aka yi ya ƙara dagula al'amarin, sai a karo na biyu aka kama bakin zaren, kuma duk wanda ya mallaki irin waɗannan motoci a ƙasar nan zai iske kansa a wannan hali ko ba daɗe ko ba jima.

Motar da hanyarta

Hanyar ta roba ce da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa. Kowane layi yana da tsaga a tsakiyarsa, kuma a dama da hagun tsagar akwai siraran ƙarafa masu ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 12 zuwa 15 daga adafta. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshe na roba da yake shiga tsagar, tare da saƙaƙƙun wayoyi biyu da suke shafar ƙarafan suna kai wa injin wuta. Mai tuƙi ba shi da sitiyari. Abin da ke hannunsa kawai shi ne kunamar da yake matsawa domin ƙara gudu ko rage shi. Saboda haka kusan duk hatsarin wannan wasa tushensa ɗaya ne, wato an shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin taya, harshen ya fice daga tsaga, motar ta miƙe ta doki abin da ke gabanta.

Wasan ya daɗe a ƙasashen Turawa. Kamfanin Lionel na Amurka ya fitar da irinsa tun 1912, Fred Francis ya fito da Scalextric a Ingila a 1957, Carrera kuma ta biyo baya a Jamus a 1963. Motocin wannan zaure masu ma'aunin 1:32 ne, ma'ana motar gaske mai tsawon mita 4.5 takan koma kimanin santimita 14, nauyin ƙaramar motar bai wuce giram 80 da 'yan kai ba, kuma bodin kusan rubu'in wannan nauyi ne. Masu gasa ta ƙwararru sukan yi amfani da bodi na siririyar roba mai lanƙwasa da ake kira Lexan, wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba, tana lotsawa ta dawo. Na zauren kuwa na roba ce mai tauri, nau'in ABS, da madubai da fiffike da gilasai da ɗan direba a ciki, an ƙera su ne domin su ƙayatar da idon mai tara motoci fiye da jure hannun yaro ɗan shekara goma a ranar Sallah.

Abin da ɓarnar ta nuna

Da aka kwance motocin aka jera bodinsu a kan faranti, sai aka ga ɓarnar tana da tsari. Madubai duk sun tafi, wannan ba abin mamaki ba ne. Fukafukan baya sun karye ne daga ƙafafunsu, daidai inda suka haɗu da bodi. Hancin wasu ya tsage daga bakin taya zuwa fitila. Amma abin da ya hana motocin tafiya gaba ɗaya shi ne ginshiƙan da sukuru yake shiga, waɗanda suke riƙe bodi da casis, wato gindin motar mai ɗauke da inji da tayoyi. Idan aka ɗaga bodin ga haske aka dubi ginshiƙin gaba, sai a ga wani farin layi siriri ya bi tsawonsa daga baki har gindi, kuma da an taɓa shi da farce sai ya buɗe biyu, sukurun ya faɗo. A gindin wasu akwai danshin man keken ɗinki da ƙura ta manne a kai.

Dalilai uku ne suka taru a kan wannan ginshiƙi. Sukurun da ake amfani da shi irin mai yanka wa kansa zare ne a cikin roba, don haka tun daga shigarsa yake tura bangon ginshiƙin waje, kuma matashin ya kasance yana ɗaure shi tamau saboda tsoron kada ya kwance. Man da yake ɗiga wa aksul, wato sandar tayoyi, ya yi yawa har yana gangarowa, ga shi kuwa ABS idan tana cikin matsi kuma mai ya taɓa ta, takan yi saurin tsagewa. Sannan duk bugun da hancin motar ya sha, ta wannan ginshiƙi yake bi ya shiga casis, tunda nan ne kaɗai inda sassan biyu suka haɗu.

Gyaran farko da abin da ya haifar

Matashin ya yi abin da mafi yawan mutane za su yi. Ya liƙe tsagogin da sufa gulu, sannan ya dama gam mai haɗi biyu, irin mai saurin kamawa, ya yaɓe cikin bodin kaf, har rufi da bayan gilasai, da nufin ya mayar da shi abin da ba ya fashewa. Niyyar mai kyau ce, kuma bodin ya yi tauri ƙwarai, amma motocin sun lalace ta wata fuska. Tururin sufa gulu ya farantar da gilasan har ba a ganin direban ciki. Wuraren da aka liƙe da shi sun sake ɓallewa a bugu na gaba, domin wannan gam idan ya bushe ba ya lanƙwasa ko kaɗan, yana jure ja amma ba ya jure duka.

Babbar illar ita ce ta nauyi. Motar da faɗinta bai wuce santimita 6 ba, idan aka ɗora mata ƙarin nauyi a rufi, to a kwana tayoyinta na ciki ne za su fara ɗagawa, harshen ya biyo su ya fice daga tsaga. Motocin da a da suke zamewa su tsaya sai suka koma kifewa suna mirginawa, wato gyaran da aka yi domin a jure hatsari shi ne ya yawaita hatsarin. Kuma tunda bodin ya daina lanƙwasa, ƙarfin bugun sai ya wuce kai tsaye zuwa casis, har na mota ɗaya ya karye a daidai mazaunin harshe. A ganina wannan ita ce asara mafi girma a lamarin baki ɗaya, domin bodi ko ya yi muni ana iya liƙe shi a ci gaba da tsere, amma casis da mazaunin harshensa ya karye ya fitar da mota daga hanya, kuma sai an aika ƙasar waje kafin a sami wani.

Lissafin da ya sauya alƙibla

A nan ne wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, wanda shagonsa ke kusa da zauren, ya shigo cikin maganar. Kafin ya taɓa gam sai ya nemi a auna bodin da aka yaɓe da wanda ba a yaɓe ba a kan ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya, wanda yake nuna ko da kashi ɗaya cikin goma na giram, kuma bambancin da aka gani ya isa bayani. Daga nan aka yanke cewa duk ƙarfafawar da za a yi wa mota ɗaya kada ta wuce giram 2 zuwa 3, kuma kada a sa komai a saman layin gilasai.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata mai irin wannan sana'a ya riƙe. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka idan gudu ya ninka sau biyu, bugun ya ninka sau huɗu. Motar da ta fice daga tsaga da gudun mita 4 a daƙiƙa tana dukan bango da ƙarfi daidai da na wadda aka sako daga tsayin santimita 80, wanda shi ne kusan tsayin teburin da ke zauren. Ma'anar wannan ita ce, duk motar da ta tsallake gefen tebur ta faɗa kan daɓen siminti ta sha hatsari biyu a jere, kuma na biyun bai gaza na farkon ba. Haka nan idan aka rage gudu da kashi 20 cikin 100, ƙarfin bugun zai ragu da kashi 36 cikin 100. Wannan lissafi ne ya nuna cewa rabin aikin ma ba a jikin bodi yake ba.

Gyara na biyu

An fara da ginshiƙai, kuma a nan ne sana'ar dattijon ta yi rana. Eriyar tsohuwar rediyo, irin wadda ake zarowa, bututu ne na tagulla sirara da ke shiga cikin juna, kowanne da faɗinsa, don haka da wuya a rasa wanda zai yi wa ginshiƙi daidai. Ya yanko gunduwa mai tsawon kimanin rabin santimita da ƙaramin zarto, ya goge bakinta da magagari, ya kankare cikinta da wajen ginshiƙin da samfefa, ya wanke duka da sifirit domin cire mai da ƙura, sannan ya shafa Araldite, gam mai haɗi biyu irin mai jinkirin kamawa, ya zura bututun ya rungume ginshiƙin. Ya zaɓi mai jinkirin ne saboda ya fi ƙarfi idan ya kwana ya bushe, kuma a zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, mai saurin kamawa yakan daskare tun kafin a gama daidaita abu. Inda zaren ciki ya cinye, sai ya shafa wa sukurun basilin, ya cika ramin da gam, ya murza sukurun a ciki ya bar shi. Washegari sukurun ya fito salin-alin ya bar sabon zare a bayansa. A gindin kowane ginshiƙi kuma an naɗa ɗan ƙyallen bandeji da aka jiƙa da gam, domin nauyin bugu ya bazu a kan faɗi maimakon ya taru a layi ɗaya.

Tsagogin hanci an bi da su ne yadda gyartai yake bi da fasasshiyar ƙwarya, wanda ba ya yaɓe ta duka sai dai ya huda ya ɗaure bakin tsagar. An huda ɗan rami da allura mai zafi a daidai ƙarshen kowace tsaga, domin tsaga tana ci gaba ne ta bakinta mai tsini, kuma rami mai zagaye yana kashe wannan tsini. Daga ciki aka shimfiɗa bandeji falle ɗaya, aka shafe shi da gam ɗin masu gyaran takalmi, shafawa siririya, saboda shi wannan gam ko ya bushe yana lanƙwasa tare da robar. Sai dai yana ɗauke da sinadarin da kan iya narkar da roba idan ya yi kauri, shi ya sa aka fara gwada shi a kan wani ɓallen madubi kafin a kai shi jikin mota. Fetur da tinar sirka fenti da ruwan goge farce an hana su kusantar bodin gaba ɗaya, domin asiton da ke cikin na ƙarshen yana narkar da ABS nan take. Gilasan da suka ɓalle an mayar da su da farin gam na kafintoci, wanda yake bushewa garai-garai ba ya fitar da tururi.

Fiffike ya jawo 'yar muhawara. A irin gudun da ake yi a kan tebur, fiffiken waɗannan motoci ado ne kawai, ba ya danne mota ƙasa yadda na motar gaske yake yi, amma yara suna zaɓen mota ne da ido, kuma wadda ba ta da fiffike ba mai son ta. An gwada gam ɗin kyandir, ya riƙe da safe, amma a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana sai ya yi laushi fiffiken ya karkace. Abin da ya zauna a ƙarshe shi ne, an cire ƙafafun roba masu tauri, an maye gurbinsu da siraran yanka na tsohon tiyub daga wurin mai faci, an zura su ta ramukan bodi an liƙe daga ciki. Yanzu idan mota ta kife fiffiken yakan kwanta ya sake miƙewa. Madubai kuwa an haƙura da su.

Sai maganar ɗaure sukuru, wadda ba ta cin ko kwabo amma tasirinta ya fi na gam. An koya wa matashin ya fara murza sukuru baya har ya ji ya faɗa cikin tsohon zarensa kafin ya ɗaure, kuma bayan ya ɗaure ya sassauta shi da rubu'i ko rabin zagaye, ta yadda bodin zai ɗan yi motsi a kan casis. Masu gasa a Turai suna yin haka ne domin mota ta fi kama kwana, amma wannan ɗan wasa da aka bari yana kuma shanye wani ɓangare na bugu kafin ya kai ginshiƙi. An liƙa salatif a kan kowane rami daga ƙasa, domin sukurun da ya kwance ya faɗa tsakanin ƙarafan hanya yana iya haɗa wuta. Motocin da aka riga aka yaɓe an kankare abin da ya kankaru daga rufinsu, sannan aka sa musu ɗan nauyi a ƙasan casis domin a rama. Matashin ya so ya yi amfani da dalmar da ake daidaita tayar mota da ita, amma dattijon ya hana, kuma ina ganin ya yi daidai, domin yara ne suke riƙe waɗannan motoci su koma su ci abinci da hannun, kuma abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya isa izina. An dandaƙe sauran eriyar aka yi amfani da tagullarta.

Tebur da wuta

Bangon katako da ke bakin kowace kwana an lulluɓe shi da ragowar soso daga wurin masu yin kujeru, an rufe da yadi, kuma an ɗaura tsohon gidan sauro a kewayen teburin domin ya tare duk motar da ta tsallake. Da ma da wannan aka fara tun ranar da aka shimfiɗa hanyar, da yawancin ginshiƙan ba su karye ba.

Inda suka fi jan daga shi ne gudu. Motocin suna da maganaɗisu a ƙarƙashinsu wanda yake jan ƙarafan hanya, yana ba su damar shiga kwana da gudu mai yawa, amma idan ya saki, yakan saki ne farat ɗaya, motar ta tashi a kan mafi girman gudunta. Dattijon ya so a cire shi, domin motar da ba ta da shi takan fara karkatar da bayanta ta gargaɗi mai tuƙi, kuma ko ta fice ba ta yin nisa. Matashin ya ce, "Baba, ai gudun nan shi yaran suke biya wa kuɗi." Dattijon ya amsa masa da cewa, "To ɗana, mu bar musu maganaɗisun, mu riƙe wutar a hannunmu." Sai ya jera diyod uku, wato ƙananan kayan lantarki irin na cikin rediyo, masu ɗaukar amfiya 3 a kan wayar da ta fito daga adafta, kowanne yana rage kimanin bolt 0.7, ya haɗa da makunnin da ake tsallake su da shi. Idan ƙananan yara ne a kan layi sai a rage wutar da kusan bolt 2, idan samari ne da hannunsu ya faɗa sai a sakar musu ita duka. Wannan dabara tana aiki ne a kan hanya irin ta da, wadda wutar kowane layi take bi ta abin matsawa kai tsaye; hanyoyin zamani masu kwamfuta a cikin mota suna bukatar wuta tsayayya, kuma bai kamata a yi musu haka ba.

Yadda ta kaya

Babbar Sallah ce ta zama gwajin gaske, domin cunkoson bai gaza na baya ba. Babu ginshiƙin da aka sa wa bututu da ya sake tsagewa, fukafukan tiyub sun tsaya, kuma tsagogin hanci ba su wuce ramukan da aka huda musu ba, ko da yake ana ganin tabonsu daga waje kuma fenti ya ci gaba da ɓarewa a gaban motocin. Ba za a iya raba gudummawar kowane gyara daki-daki ba tunda a lokaci guda aka yi su, amma abin lura shi ne, wata mota da ba a taɓa bodinta ba ko kaɗan, sai sassauta sukuru kawai, ita ma ta fita lafiya, abin da yake nuna cewa soso da gidan sauro da rage wuta sun ɗauki kaso mai tsoka na aikin.

Akwai abin da ya rage. Motocin da aka yaɓe a karon farko har yanzu sun fi sauran saurin kifewa, domin gam ɗin da ya kama bayan gilasai ba ya fita sai da gilasan. Lokacin hunturu kuma ƙura takan kwanta a kan hanya cikin 'yan sa'o'i, taya ta rasa kamu, fita daga tsaga ta yawaita, don haka dole ne a riƙa rufe teburin da zane, a goge hanya da busasshen ƙyalle kafin a fara, a kuma mirgina tayoyin baya a kan salatif domin ya ɗebe ƙurar. Motar da casis ɗinta ya karye tana nan a aljihun tebur. Dattijon yana da niyyar yanka farantin tagulla ya huda shi daidai sandar harshe ya ɗaure a kan karayar, amma ya faɗa tun farko cewa idan ramin ya kauce ko da rabin milimita motar za ta riƙa jan gefe. Saƙon da matashin ya aika wa yayansa a wannan karon bai ƙunshi motoci masu ado ba. Ya nemi harsunan roba da saƙaƙƙun wayoyi da tayoyin baya na sauyi, sai kuma irin motocin nan masu baƙaƙen gilasai marasa kayan ciki, waɗanda Scalextric take ƙerawa musamman domin masu koyo.